Mutumin tudu a tsibiran Yauri

Mu mutanen Dirin Daji ba mutanen ruwa ba ne. Ƙasarmu ta tudu ce da duwatsu, ƙasar dawa da maiwa, kuma ruwan da muka sani shi ne na rafi, wanda ke haukacewa cikin Agusta ya hana zuwa gona, kafin a gama girbi kuma ya koma yashi da 'yan kududdufai. Yaronmu zai bambance maka sawun gada da na zomo tun daga nesa. Ka tambaye shi dorina, sai dai ya ce ya ji ta a tatsuniya.

Na yi shekaru ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a ƙasar Zuru. Nakan zana Kogin Kwara a allo tun daga tsaunukan Gini, in lanƙwasa shi ta Tumbutu, in gangaro da shi Yamai da Gaya, in shigo da shi jiharmu ta Kebbi, in kumbura shi a Kainji. Yara su kwafa. Da ni da su, babu wanda ya taɓa zama cikin jirgin ruwa. Wanda ya raba ni da wannan karatun allo wani abokin aikina ne, malamin kimiyya, mutumin ƙasar Yauri. Mahaifiyarsa daga cikin Gungawa ta fito, kuma kawunsa na zaune a ɗaya daga cikin tsibiran da ke ƙasa da Yelwa, yana su, yana noman albasa da shinkafa. A hutun Babbar Sallah, cikin Janairu na 2006, ya ce in shirya mu je in ga dorina da idona, in daina zana wa yara abin da ban sani ba.

Muka bi ta Rijau cikin hazo, ƙura ta yi mana fari fat. Hanyar ba ta da wani labari sai ramuka.

A kwatar Yelwa na tabbata na bar gida. Jiragen katako ne jere, wasu sun fi tirela tsawo, ana loda musu buhunan albasa da itace da babura da 'yan tumakin da suka tsallake layya. Mata na shanya warangi a kan tabarmi, ƙananan kifayen nan da ake kamawa da yawa a tafkin Kainji. Warin banda da na man inji sun cika wuri, 'yan kamasho na kiran garuruwan da ban taɓa jin sunansu ba. Ban ga mutum ko ɗaya da rigar kariya ba, kuma a lokacin ban san ana tambayarta ba.

Kawun abokina dattijo ne siriri, mai tsattsagaggun dugadugai, kowa Baba yake ce masa. Jirginsa matsakaici ne: injin Yamaha a gindi, filafili biyu, doguwar gora, da ƙoƙon kwarfe ruwa. Ya dube ni, ya dubi takalmina sau-ciki.

"Malam, daga ina?"

"Daga Dirin Daji, Baba."

"Ƙasar Dakarkari ke nan. Ka iya ruwa?"

"Ko kaɗan."

"Madalla. Wanda bai iya ba shi ke jin magana. Cire takalmi, ka zamna tsakiya. In jirgi ya karkata kada ka miƙe, kada ka kama gefe. In ka ga abin mamaki, ka gan shi da ido, ban da hannu."

Abin da ya fara ɗaure mini kai cikar ruwan ne. Na baro gida rijiyoyi sun soma ja baya, ga shi nan kogi ya cika taf a tsakiyar hunturu, garau da shi. Baba ya ce ai wannan baƙin ruwa ne, farin ya wuce tun kaka. Na san zancen a littafi, amma sai ranar ya zauna mini. Farin ruwa shi ne na daminarmu, wanda Gulbin Sakkwato da rafukan tudu irin namu ke kwasowa da laka, ya kai ƙarshen cika wajen Satumba. Baƙin kuwa daminar Gini ce. Ruwan yakan sauko ya bazu a fadamun Masina a ƙasar Mali, ya sauke lakarsa a can, ya yi ta jan ƙafa, sai bayan watanni ya iso Yauri. Wato abin da ke ɗauke da mu ruwan sama ne da ya zuba a wata ƙasa tun dawarmu ba ta yi kai ba. Na tsoma hannu ina kallon yatsuna a ciki. Baba bai ko juyo ba ya ce, "Malam, hannu."

Autansa, yaro da bai wuce shekara goma sha biyu ba, yana durƙushe a goshin jirgi, idonsa a kan ruwa. In ya ɗaga hannun dama, uban ya karkatar da inji hagu. Kututture yake nema. Lokacin da aka datse kogin a Kainji, aikin da aka fara a 1964 aka gama a 1968, ruwa ya haɗiye daji da gonaki da garuruwa, kuma itatuwan da ba a sare ba suna nan tsaye a ƙarƙashi har yau, suna jiran cikin jirgi. Tafkin ya kai kimanin kilomita 130 a tsawo. Mutane wajen 44,000 aka tayar, aka gina musu gidajen siminti a kan tudu. Tsohuwar Busa, inda Mungo Park ya halaka a 1806, tana ƙarƙashinsa, haka ma mafi yawan babban tsibirin Foge. Muna cikin tafiya Baba ya nuna wani wuri da leɓe, fili ne na ruwa babu ko ciyawa, ya ce a nan aka yanke cibiyarsa, ga inda tsamiyar ƙofar gidansu take. Yadda mutum zai nuna maka unguwarsu daga cikin mota, haka ya faɗe shi, ya ci gaba da tuƙi. Gidan simintin da aka ba mahaifinsa kuwa, in ji shi, zafi ya kore su daga ciki, suka mai da shi rumbu, daga baya suka komo bakin ruwa.

Tsibirin ba shi da girma. Bukkoki ne da ɗakunan laka, masallaci ɗaya, da fangalin albasa kore shar tun daga bayan gida har gaɓa. Aka kawo mana tuwon shinkafa da miyar kurungu. Da asuba sanyi ya hana ni komawa barci, na fita bakin ruwa, sai na tarar da abin da ban zo dominsa ba. Tsuntsaye. Kirinjijiya garke-garke suna shawagi suna fito, ɗinya, zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, balbela sun rufe wata bishiya. A gefen laka kuma ga wasu ƙanana masu launin ƙasa da dogayen ƙafafu, ba sa tsayawa wuri ɗaya, suna ta caccakar taɓo. Abokina ya ce yawancin waɗannan baƙi ne. A can arewacin Turai da Saberiya suke ƙyanƙyasa, in ƙanƙara ta rufe ƙasarsu su ƙetaro Bahar Rum da Sahara su yi hunturu a nan, kafin damina su koma.

Na ɗauka irin zancen malaman kimiyya ne, har sai da Baba ya shiga ɗaki ya fito da gwangwanin da yake ajiye ƙugiyoyi. Ya zazzage a tafin hannu, ya tsamo wani ɗan zoben alminiyam da ya dushe. Ya ce a ƙafar wani shaho mai kamun kifi ya cire shi, wanda ya sarƙe a kalli ya mutu, shekaru da yawa baya. Na goge shi da bakin riga, na kai shi kusa da ido. Lambobi ne a jiki, sai kalma ɗaya da na iya karantawa: Helsinki. Wani mutum a ƙasar Finlan ya hau bishiya, ya saka wa ɗan tsako zobe, ya rubuta lambar a littafi, mai yiwuwa yana fatan wata rana a aiko masa da labari. Na gaya wa Baba haka. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To su can ba su da aikin yi ne?" Ya mai da zoben cikin ƙugiyoyinsa.

Sai bayan la'asar muka fita neman dorina. Tun da nisa Baba ya kashe inji, shi da yaron suka koma filafili. Muka bi gefen da ba shi da zurfi, har ina jin gindin jirgi na shafar ciyawa. Jefi-jefi yakan ƙwanƙwasa gefen jirgin a hankali. Na yi zaton shiru ake so, na tambaya cikin raɗa. Ya ce, "Sallama nike yi. Ba ta son a faɗo mata ba labari." Ya ƙara da cewa abu biyu ne ba a yi: ba a shiga tsakaninta da ruwa mai zurfi, don nan ne mafakarta, kuma ba a shiga tsakanin uwa da ɗa.

Da farko ban ga komai ba. Yaron ya nuna da haɓa, na duba, sai na ga kunnuwa biyu ƙanana suna kaɗawa a kan ruwa, da wasu ƙulu-ƙulun idanu. Sai wata ta ɓullo kusa da ita ta fesar da ruwa ta hanci, fuuu. Kafin in ankara wuri ya cika da bayansu, baƙi-baƙi, suna sheƙi, kamar an kife tukwanen biki a cikin ruwa. Ɗaya ta buɗe baki. Na sha ganin hoton, amma hoto ba ya nuna cewa cikin bakin ja ne jawur, ko cewa haurun ƙasa ya kusa kamu guda, ko yadda take barin sa a buɗe tana kallonka. Na ce hamma take yi. Baba ya ce, "Ba barci take ji ba. Nuna maka take." Can gefe wata uwa ta taso da ɗanta kwance a kan bayanta, ya zame ya faɗa, ya sake hawa. Daga nan babban cikinsu ya yi gurnani, irin mai fita daki-daki, sauran suka amsa. Ta katakon da nake zaune a kai na ji shi kafin ya iso kunnena.

In suka nutse sai in riƙa ƙirge a zuci. Dorina na iya yin wajen minti biyar a ƙasa, kuma duk tsawon wannan lokaci ba ka san inda take ba. Duk da haka daɗi ya ɗebe ni. Na manta ban iya ruwa ba, na ce, "Baba, mu ɗan ƙara matsawa mana."

Ya ce, "Malam, kai kallo ka zo. Ni gobe ma ta nan zan bi."

Ya juya jirgi.

A daren na ga ɗaya fuskar abin. Bayan isha'i sai na ga maza na fita da tocila da tsofaffin gwangwanaye da damin kara. Gadin shinkafa za su. Dorina da rana take ruwa, da dare take hawowa kiwo, kuma babba ɗaya na iya cin ciyawa kilo 40 kafin gari ya waye. Abin da take takewa ya fi abin da take ci. Na bi su, aka ba ni gwangwani da sanda. Muka zauna gindin wuta, sauro na cizo, sanyi na ratsa ƙashi. Can tsakar dare ihu ya tashi daga ƙarshen tsibirin, kowa ya hau bugun abin da ke hannunsa, karnuka suka ɗauka. Na ji wani abu mai nauyi ya ratsa ciyawa da gudun da bai dace da girmansa ba, sai ƙarar faɗawa ruwa.

Da safe muka je duba ɓarna. Gonar wani maƙwabcin Baba ce. An buɗe hanya a tsakiyarta, faɗin amalanke, shinkafar ta kwanta cikin laka. Sawun na nan raɗau, yatsu huɗu, na sa ƙafata a ciki ta ɓace. Mai gonar bai ce komai ba, yana ta ɗaga shinkafar yana ƙoƙarin tsayar da ita, tana sake faɗuwa. Aka gaya mini bashi ya ci ya sayi taki. Doka ta hana kashe dorina, sun sha kai kuka, babu wanda ya taɓa biyan kowa ko kwano ɗaya. Matarsa ta zo da ƙwarya a ka, ta gaishe mu, ta dube ni ta ce, "Malam, an ce kai ne ka zo kallonsu. To ga aikinsu nan, ka kalla da kyau."

Tun daga lokacin, duk sanda na ci karo da labarin masu zuwa kallon dabbobi a ƙarshen duniya sai in tsaya in karanta. Harka ce babba. Wani ɗan Suwidin mazaunin Amurka, Lars-Eric Lindblad, ya soma kai masu yawon buɗe ido Antaktika a 1966. Yanzu jirage na tashi daga kudancin Ajantina, su ratsa teku mai hauka, su kai mutane tsibiran ƙanƙara su ga fengwin, tsuntsun nan da ba ya tashi, mai tafiya a miƙe. Kujera ɗaya kan kai dala 10,000 ko fiye, kuma a kakar 2022 zuwa 2023 waɗanda suka je sun haura 100,000. Ƙungiyar kamfanonin da ke wannan sana'a, IAATO, wadda aka kafa a 1991, tana da dokoki: kada fiye da mutum 100 su sauka wuri ɗaya a lokaci guda, jirgin da ya ɗauki sama da fasinja 500 ba ya sauke kowa, a bar aƙalla mita 5 tsakanin mutum da dabba, a wanke takalmi kafin a taka ƙasa da bayan an dawo. Da na karanta sai na yi dariya, don Baba bai san boko ba amma rabin dokokin nan ya karanta mini su a kwatar Yelwa.

Sai dai akwai bambancin da masu yabon tsarinsu ba su cika faɗa ba. A waɗancan tsibirai babu mai gona. Fengwin bai taɓa cin shinkafar kowa ba, babu matar da ta kwana da fargaba saboda shi, don haka son sa ba ya cin kuɗin kowa sai na tikiti. Kuma lokacin da mutane ke neman abincinsu a can, ba kallo suke yi ba. A tsibirin Jojiya ta Kudu an kafa tashar Grytviken a 1904, aka yi ta yanka kifin wel ana narka kitsensa har ya kusa ƙarewa a tekun, sai cikin shekarun 1960 aka rufe ta. Da mutane suka kwashe kayansu dabbobin suka farfaɗo, jikokin masu yankan kuma suka dawo da kyamara. A tsibiran Yauri babu inda mutane za su kwashe kayansu su tafi. An riga an tashe su sau ɗaya. Ko bikin Rigata da ake tseren jirage a Yauri, tsofaffi na danganta asalinsa da fitar da mazaje ke yi su fuskanci dorina don kare gonaki da mashigai. Ni ina son a bar dorina ta rayu, kuma na fi son haka tun da na ga ɗan nan na zamewa daga bayan uwarsa. Amma duk mai wannan magana da bai faɗi wanda zai biya shinkafar ba, rabin magana ya yi.

Akwai kuma zancen jirgin kansa. A watan Nuwamba na 2007 na ji a rediyo cewa jirgin Explorer, wanda Lindblad ya sa aka ƙera a 1969 musamman don wannan tafiya, ya bugi ƙanƙara kusa da Antaktika ya nutse. Mutum 154 ne a ciki. Suka shiga ƙananan jiragen ceto, kowa da rigar kariya, suka yi sa'o'i cikin sanyi, wani jirgi ya zo ya kwashe su. Ko mutum ɗaya bai mutu ba. Ranar 26 ga Mayu, 2021, jirgin katako da ya taso daga Lokon Minna a jihar Neja zuwa Warra a ƙaramar hukumar Ngaski ya tarwatse a wannan ruwa da na bi. Shi ma fiye da mutum 150 ya ɗauko, da yawansu mata da yara da 'yan kasuwa. Kaɗan ne suka fita da rai. Na daɗe ina tuna yaron nan durƙushe a goshin jirgi, wanda idonsa ne kaɗai abin da ke tsakaninmu da kututture.

Na so in kai ɗalibaina. Na ma fara tara musu kuɗin mota, ana ɗagawa daga wannan zango zuwa wancan, har zamani ya juya. A watan Yuni na 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai a kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri. A watan Maris na 2022 aka kashe 'yan sa-kai fiye da 60 a ƙasarmu ta Sakaba. Ƙauyukan da ke kewaye da mu suka watse, Dirin Daji ta cika da 'yan gudun hijira. A irin wannan hali babu uban da za ka tunkara da zancen kai ɗansa kallon tsuntsu.

A 2024 wata dorina ta kashe wani mutum da ke yi wa Sarkin Yauri aiki a bakin ruwa. Gwamnatin jiha ta ba da umarni, masunta da manoma suka yi makonni suna bin ta, cikin Oktoba suka kashe ta tare da ɗanta. Aka yi murna a gari, aka raba nama. Masu kare namun daji suka yi Allah wadai, suna tunatar da cewa dorinar da ta rage a Nijeriya duka ba ta wuce 'yan ɗaruruwa ba. Wani tsohon ɗalibina da ke sayar da kayan babur a Yelwa ya kira ni a waya, murya cike da ɗoki.

"Malam, yau dai na ga dorina! Wadda kake ba mu labari."

"A ruwa?"

"A'a, Malam, a kan tudu. Ana feɗe ta."

Na tambaye shi mutanen tsibirin. Ya ce Baba ya rasu da daɗewa, autan nan nasa shi ke da jirgi yanzu, babba, yana jigilar albasa ranar kasuwa, kuma an raba musu rigunan kariya amma yawanci a ƙarƙashin benci suke. Na ce naman fa, ya samu? Ya ce ya samu ɗan tsoka, sai dai tauri gare shi, matarsa ta ƙone itacen kwana biyu kafin ya taunu.